TSANI KO BISHIYA? RA'IN JUYIN HALITTA DA TARIHIN ƘAGAGGUN LABARAN HAUSA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da tarihin adabin Hausa, ko kuwa ya duba takardun jarrabawar ɗalibai a kansa, ya san akwai waɗansu kalmomi da ba su rabuwa da bakinmu. Mukan ce an haifi ƙagaggen labari a 1933, ya yi rarrafe a hannun Hukumar Talifi, ya tasa a zamanin NORLA, ya balaga a littattafan da suka fito daga 1980 zuwa 1982, sa'an nan ya kamu da cuta da ya faɗa hannun marubutan Kano. Ɗalibai sun haddace wannan jeri kamar karatun allo, mu kuma muna ba su maki a kansa.

Manufar wannan takarda ita ce ta tambayi inda muka samo wannan ma'auni, kuma ta gwada shi a kan littattafan kansu, mu ga ko zai ɗauke su. Kalmomin haihuwa da girma da tsufa na masu rai ne, aro muka yi. Kayan aro kuwa, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa tarihin zubenmu ya fi kama da bishiya mai rassa bisa ga tsani mai matakai, kuma kallonsa a matsayin tsani ya sa mun rage wa waɗansu littattafai mudu, mun ƙara wa waɗansu. Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa ba mu zo tattauna asalin ɗan'adam ba, wannan fage ne mai nasa malamai. Abin da ya dame mu shi ne yadda manazarta adabi suka yi amfani da ra'in juyin halitta.

2.0 Inda Aron Ya Fito

Kwatanta al'umma da abu mai rai tsohon al'amari ne. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya ce daula tana da shekaru kamar yadda mutum yake da su, kuma galibi ba ta wuce zuriya uku, kowace shekara 40, watau shekara 120 ke nan. Zuriyar farko ta kafa mulki da wahala da haɗin kai, ta biyu ta zauna ta ci, ta uku ta manta da wahalar gaba ɗaya. Wannan kallo ne na kewaye, inda abu yakan tashi, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa.

Turawan ƙarni na 19 suka zo da wani kallon dabam, na hawa. Bayan da Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a 1859, sai masana zaman jama'a suka ɗauki maganarsa suka kai ta inda shi bai kai ta ba. Herbert Spencer, wanda shi ne ya ƙirƙiro kalmar nan ta wanzuwar mafi dacewa a 1864, ya ɗauka cewa kome na duniya, daga tsiro har gwamnati har fasaha, yana tafiya ne daga sauƙi zuwa sarƙaƙiya. A 1877 Lewis Henry Morgan, mutumin Amurka, ya kasa al'ummun duniya mataki uku: na zaman daji, da na jahilci, da na wayewa. Ba sai an faɗa ba, su masu wannan rabo sun ajiye kansu a mataki na sama, kuma da irin wannan tunani aka yi wa mulkin mallaka kwalliya.

A fagen adabi kuwa, wanda ya fi fitowa fili shi ne Ferdinand Brunetière na Faransa. A 1890 ya buga laccocinsa a kan juyin nau'o'in adabi, inda ya nuna cewa kowane nau'i yana da haihuwa da ƙuruciya da cikar ƙarfi da mutuwa, kuma nau'o'in suna kokawa da juna kamar dabbobin dawa. Ya yi misali da wasan kwaikwayon ban tausayi na Faransa, wanda ya ce ya kai ƙarshen ƙarfinsa a hannun Racine, daga nan sai gangara. Idan muka duba da kyau, jerin nan da ɗalibanmu suke haddacewa jikan wannan ra'i ne. Mun gaje shi ta hanyar littattafan nazari na Turanci ba tare da mun bincike shi ba.

3.0 Abin da Masana Halitta Suke Nufi

Kafin mu yanke wa aron hukunci, ya kyautu mu san abin da masu kayan suke nufi da shi. Zane ɗaya tak ne a cikin littafin Darwin, kuma zanen rassa ne masu rarrabuwa. Ginshiƙan bayaninsa uku ne. Na farko, 'ya'yan jinsi ɗaya ba su zama daidai wa daida. Na biyu, ana gadon waɗansu daga cikin bambance-bambancen. Na uku, muhalli yakan sa masu wata siffa su fi sauran rayuwa da hayayyafa. Manominmu ya san rabin wannan magana tun kafin a rubuta ta, domin shi ma yakan ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri, kuma ya san inda damina take gajeruwa gero mai saurin nuna ya fi maiwa amfani.

Misali ɗaya zai ishe mu. A Ingila akwai wani irin faɗa-wuta mai fari da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda yakan kwanta a jikin itatuwa da rana. A 1848 aka fara samun baƙinsa a Manchesta. Da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, sai tsuntsaye suka riƙa hango farin suna cinyewa, baƙin kuwa ya saje, har ya zama kafin ƙarshen ƙarnin kusan duk wanda aka kama a garin baƙi ne. Da aka kafa dokar tsabtace iska a 1956, itatuwa suka washe, sai farin ya dawo, baƙin ya yi ƙaranci. To, a nan wane ne ya ci gaba? Babu. Kowanne ya dace da lokacinsa ne kawai. Ashe ko a wurin masu kayan, sauyi ba ya nufin hawa, kuma siffar da ta ja da baya jiya tana iya dawowa gobe in muhalli ya juya.

4.0 Gwaji na Farko: Littattafan Gasar 1933

Bisa ga ra'in tsani, zube yakan fara daga tatsuniya, ya hau zuwa labarin aljanu da jarumai, daga nan ya isa labarin rayuwa ta zahiri, wanda shi ne ake ɗauka cikar balaga. In haka ne, ya kamata littattafan farko su taru a matakin ƙasa. Bari mu duba.

Gasar da Rupert East ya shirya a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ganɗoki ya fara da tarihi, da yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, sa'an nan ya tsallaka da tauraronsa ƙasashen aljanu, kuma harshensa cike yake da kirari irin na fagen fama. Ruwan Bagaja labarin yawon duniya ne, an ɗinka shi da gajerun labarai na raha, zaren da ya riƙe su kuwa shi ne wasan ramuwa tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Shaihu Umar bai nemi taimakon aljani ko ɗaya ba. Labari ne na yaron da aka sace, aka bautar, aka ƙetare hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙare a hanya, an ba da shi cikin natsuwa da harshe marar ado. Jiki Magayi kuma labarin so ne da kuɗi da ramuwar gayya, inda mai dukiya, Malam Shaihu, ya raba Abubakar da Zainab, abin ya ƙare a kan ɗan da aka haifa, Kyauta.

Ga shi nan, matakan da aka ce sai an bi su ɗaya bayan ɗaya duk sun fito a lokaci guda, daga gasa guda, biyu daga cikinsu ma daga gida guda, tun da Bello Kagara wan Abubakar Imam ne. Idan labarin zahiri shi ne balaga, to zubenmu da gemunsa aka haife shi. Har ila yau, kiran Ruwan Bagaja rarrafe rashin adalci ne. Wanda ya iya saƙa labari cikin labari, ya riƙe muryar mai ba da labari tun daga zauren Koje Sarkin Labari har ƙarshe ba ta kuɓuce masa ba, ya kuma sa mai karatu dariya bayan shekara 90, ba ɗan koyo ba ne. Dalili kuwa a fili yake. Waɗannan marubuta sun tarar da gado mai kauri: tatsuniya da labarin baka, da kirari, da ƙissoshi, da littattafan Larabci irin su Maƙamatul Hariri da Alfu Laila. Abin da ya zo sabo shi ne boko da injin ɗab'i da ajin makaranta. Muhalli ne ya sake, fasahar ba da labari kuwa ta daɗe da furfura.

5.0 Gwaji na Biyu: Reshen da Ya Yi Barci

A cikin rassan nan, wanda ya fi samun ruwa a shekarun da suka biyo baya shi ne na Imam. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya zama abin koyi, kuma hukumomin da suke buga littattafai, daga Hukumar Talifi zuwa Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, zuwa NORLA, zuwa NNPC da aka kafa a 1966, duk idonsu yana kan makaranta. Mai saye ɗaya ne, watau hukumar ilmi, masu karatu kuwa galibinsu yara maza ne 'yan makaranta. A irin wannan muhalli labarin kasada mai ɗauke da darasi shi ne ya dace. Reshen Jiki Magayi, na so da aure da rikicin cikin gida, sai ya tsaya cik kamar ya bushe.

Bai bushe ba. A 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, duka biyu a kan so. Abin lura ga masu ra'in tsani shi ne, a cikin So Aljannar Duniya akwai aljana, alhali Shaihu Umar da ya girme shi da shekara fiye da 40 babu. Bayan haka sai muhalli ya juya gaba ɗaya. Shirin ilmin firamare na bai ɗaya da aka fara a 1976 ya yaye dubban masu iya karatun boko, cikinsu har da 'yan mata da matan aure masu yawa. Tattalin arziki ya karye, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Marubuta suka koma buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa 'yan kasuwa. Mai saye ya tashi daga hukuma ya koma mai karatu da kuɗin aljihunsa, ko da kuɗin adashinta.

A cikin wannan yanayi ne Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Mai karatu ya ɗora wannan na ƙarshe kusa da Jiki Magayi ya gani: yarinya da wanda take so, da mai kuɗin da ya shiga tsakani, da iyayen da suka karkata wajen dukiya. Jigon ɗaya ne. Abin da ya sake shi ne wurin da marubuci ya tsaya. A Jiki Magayi muna bin Abubakar ne cikin daji yana neman abin da zai rama da shi, Zainab kuwa kusan kayan da ake jayayya a kansu ce. A littafin Gidan Dabino, Sumayya ce take furta abin da take so, ita ce kuma take ɗaukar mataki. A Alhaki Kuykuyo Ne an wuce batun samartaka ma, an shiga da mu tsakar gida, muna ganin yadda Rabi take sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta bayan miji ya kore ta. Wannan ɗaki ne da zubenmu bai taɓa shiga sosai ba sai da mata suka zama masu saye da masu rubutawa.

An yi muhawara mai zafi a jaridu a shekarun 1990 a kan waɗannan littattafai, wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme suna cikin waɗanda suka yi fice a cikinta, kuma sunan Adabin Kasuwar Kano ya bi su. Masu suka suna da hujjoji na gaske: rashin tacewa, da karya ƙa'idojin rubutu, da maimaita zubi ɗaya, da kwaikwayon finafinan Indiya. Amma kalmar lalacewa ta tafi da mai kyau da maras kyau a tsintsiya ɗaya, kuma magana ba ta tsaya a takarda ba, domin a 2007 an ƙone waɗansu littattafai a bainar jama'a a Kano. Shekara biyar bayan haka, a 2012, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne ta Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi.

6.0 Inda Kamancen Ya Ƙare

Ko da mun musanya tsani da bishiya, wajibi ne mu san iyakar misalin, domin adabi ya saɓa wa masu rai ta fuska uku.

Ta farko ita ce hanyar gado. Ɗan akuya ba ya zaɓen uwarsa, kuma abin da uwar ta koya a rayuwarta ba ya shiga jininsa. Marubuci kuwa yana zaɓen kakanninsa, kuma duk abin da na gaba ya koya yana iya miƙa shi. Manazartan Rasha na shekarun 1920, irin su Shklovsky da Tynyanov, sun lura cewa gadon adabi sau da yawa yakan tsallake ɗa ya faɗa wa ɗan ɗan'uwa, watau nau'in da aka raina a gefe shi yakan dawo tsakiya. Abin da ya faru da labarin so a wurinmu ke nan.

Ta biyu ita ce aure, irin wanda masu lambu suke yi wa mangwaro. Rassan bishiyar dabbobi in sun rabu da nisa ba su komawa su haɗu, amma na adabi kullum cikin haɗuwa suke. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, tsarin aku mai ba da labari don ya tsare mai niyyar fita kuwa asalinsa daga Indiya ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo tushe daga labarin wani jarumin Rasha. Saboda haka idan aro daga Indiya laifi ne, to tun 1937 aka fara shi. Tambayar da ta dace ita ce ko auren ya kama, watau ko reshen da aka ɗauko ya sha ruwan saiwar gida har ya ba da 'ya'ya masu ɗanɗanon ƙasar. A hannun Imam ya kama. A hannun waɗansu marubutan baya ya kama, a hannun waɗansu kuwa ɗaure shi kawai aka yi da tsumma.

Ta uku ita ce mutuwa. Jinsin dabba in ya ƙare ya ƙare ke nan. Littafi kuwa yakan sake riga. Shaihu Umar ya zama wasan kwaikwayo a hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay a 1975, ya zama fim a hannun Adamu Halilu a 1976. Littattafan Kano da yawa sun koma finafinan bidiyo a shekarun 1990, ana karanta waɗansu a gidajen rediyo, watau rubutu ya koma baka, abin da ra'in tsani zai kira komawa baya. Da kasuwar bugaggen littafi ta yi sanyi, sai rubutun ya ƙaura zuwa wayar hannu, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 kuma ta fito da sababbin marubuta mata na gajeren labari. Duk wanda ya yi gaggawar yi wa wani nau'i salla, yakan waiwaya ya tarar da makara babu kowa.

7.0 Kammalawa

Kada a fahimce mu da cewa tun da babu tsani, to babu mai kyau babu maras kyau. Wannan ma wani kuskuren ne da ake arowa daga ilmin halitta, a ce duk abin da ya yaɗu shi ne ya cancanta. Ƙwaron da ya saje da baƙin itace ba a tambayarsa dalili, amma marubuci mutum ne mai niyya, ana yaba masa, ana kuma tuhumarsa. Yawan ciniki yana gaya mana cewa littafi ya dace da kasuwarsa. Ingancinsa kuwa sai mai nazari ya zauna ya karanta.

Shawararmu ga malamai 'yan'uwanmu ita ce mu sauke jerin haihuwa da rarrafe da balaga daga allunanmu, mu koya wa ɗalibi ya yi wa kowane littafi tambaya uku. Me ya gada, daga gida da waje? Wane muhalli ya tarar, watau wa ya buga shi, wa ya saya, wa ya karanta? Me kuma marubucin ya yi da abin da ya gada wanda wani bai yi ba? Bisa wannan ma'auni za a iya karanta Jiki Magayi da In Da So Da Ƙauna a mako ɗaya, a karanta Shaihu Umar tare da Alhaki Kuykuyo Ne a matsayin labarai biyu na uwa da 'ya'ya a cikin tsanani, a kuma auna Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982 da irin ƙasar da suka tarar bayan yaƙin basasa da kuɗin man fetur. Yawancin ɗalibanmu na kwalejojin ilmi malaman firamare da sakandare za su zama. Ma'aunin da muka ba su a aji shi za su riƙa auna wa yara da shi shekara da shekaru, saboda haka ya zama tilas mu tabbata mudun na gaskiya ne.